KAREN KIWO NA TURAI DA WANDA YA ƊAUKE SHI YANA ƊAN KWIKWIYO



Kwanakin nan akwai wani hoto mai motsi da ke yawo cikin wayoyin samari, daga wannan kasuwa zuwa waccan. Da yawa cikinku kun gan shi. Wani kare ne baƙi da fari, ba shi da girma sosai, shi kaɗai yana tattara tumaki fiye da ɗari a kan tudu. Mai shi yana tsaye can nesa, fito kawai ya ke yi. Karen ya kewaya dama, ya kewaya hagu, ya kwanta, ya tashi, har ya shigar da garken duka cikin shinge. Tun da hoton ya bazu, tambayoyi su ke ta zo mana gidan rediyo. Wasu suna so su sani ko gaskiya ne ko dabarar masu hoto ce. Wasu sun ji wai a Turai akwai gidajen da a ke tara irin waɗannan karnuka da masu su suka yar, ana neman mai ɗauka. Tambayar da ta fi nauyi kuwa iyaye ne ke yin ta: in na samu ɗan kwikwiyo irin wannan, ba sai yarona ya huta da bin awaki ya tafi lakkwal ba?

Karen akwai shi, gidajen ma akwai su. Amma ka tsaya ka yi tunani, kai mai karatu. Kare mai wannan wayo da wannan amfani, mi zai sa mai shi ya yar da shi? Wannan za mu bayyana, kuma a ciki ne uban yaro zai samu amsarsa.

INDA YA FITO

Sunan irin wannan kare Boda Koli. Kalmar boda kun san ta, iyaka ke nan. Asalinsa iyakar Ingila da Sikotlan ne, ƙasar tuddai mai sanyi, inda ruwan sama ke sauka kusan kowane wata na shekara, ciyawa kuma ba ta ƙarewa. Can tumaki su kan watsu bisa tuddai su kwana su tashi, ba mai bin su. Sai in lokacin askin gashinsu ya yi, ko na magani, ko na kai su kasuwa, a ke tattaro su. Mutum ɗaya da sanda ba zai iya wannan aiki ba ko da zai wuni yana hawa da sauka. Shi ya sa makiyayan wurin suka dogara ga kare.

A 1873 aka yi gasar karnukan kiwo a wani gari na ƙasar Wels mai suna Bala. E, sunan garin ke nan, kamar na ɗan uwanku Bala. Daga nan gasar ta bazu, kowane makiyayi yana so a ce nasa ya fi. A 1893 aka haifi wani kare mai suna Hem a hannun wani makiyayi, Adam Telfa, a arewacin Ingila. Sauran karnuka da haushi da hayaniya su ke kora tumaki. Shi Hem shiru ya ke aikinsa, ya sunkuyar da kai ya kafa wa tumaki ido, su kuwa su bi inda ya ke so. Makiyaya suka riƙa kawo masa karyoyinsu daga nesa, har aka ce ya haifi ɗiya wajen 200. Boda Koli na yau, in ka bi asalinsu, za ka iske jinin Hem. A 1906 makiyayan suka kafa ƙungiya, daga baya suka buɗe littafin da a ke rubuta kowane kare da uwarsa da ubansa.

Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. Yadda a ke zaɓen bijimin Azawak a Tukunus don ɗiyansa su yi nono, ko bunsurun jar akuya a Maraɗi don kyan fata da yawan haihuwa, haka su ma suka yi shekara fiye da 100 suna zaɓe. Sai dai su abin da su ke zaɓa hali ne. Wanda ba ya gajiya, wanda ke sauraron mai shi, wanda ba ya iya ganin abu yana motsi ya ƙyale shi, shi a ke bari ya haihu.

Ga yadda abin ya ke. Kakan kare kyarkeci ne. In kyarkeci zai ci nama sai ya hango dabba, ya laɓaɓa, ya kewaye ta, ya kora ta, ya kama, ya kashe. Makiyayan Ingila sun riƙe matakai huɗu na farko sun ƙara musu ƙarfi, sun danne biyun ƙarshe. Ke nan abin da kuka gani cikin waya farauta ce wadda ba ta kai ga kisa ba. Ba wanda ya koya wa karen son kewaye tumaki, da shi aka haife shi. Abin da a ke koya masa shi ne yaushe zai fara, ta wane gefe, yaushe kuma zai tsaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: ɗan kwikwiyo mai sati 8 wanda bai taɓa ganin tunkiya ba, za ka gan shi yana laɓaɓa wa kaji.

Wayonsa kuwa ya kai inda ba ku zato. A 2011 wani malamin jami'a a Amurka, Jon Pili, ya bayyana yadda karyarsa mai suna Cesa ta riƙe sunayen kayan wasa 1,022. In an kira sunan abu sai ta tafi ta ɗauko shi cikin tari. Masu ba da wannan labari sau da yawa su kan manta da rabinsa: malamin ya yi shekara 3 yana koya mata, awa 4 zuwa 5 kowace rana.

GIDAN KARNUKAN DA AKA YAR

To, yanzu mu bar tuddai mu shiga birni. Mutumin birnin Turai shi ma yana da waya, shi ma ya ga hoton da kuka gani. Yana zaune a bene, ɗaki biyu ko uku, ba fili, ba tunkiya ko ɗaya. Ya kan fita aiki da safe, sai magariba ya komo. Ya ga ɗan kwikwiyo mai kyan gashi da hasken ido, ya saya wa ƴaƴansa. Wata biyu na farko kowa na murna. Da karen ya kai wata 6 sai gida ya rikice. Ya tauna takalmi da kujera, ya yi ta haushi har maƙwabta su kai ƙara. A hanya ya bi mota, ya bi keke. In yara suna gudu ya kewaye su yana cizon dugadugansu, don a wurinsa su ne garke. Wani ma sai ya koma bin inuwa ko hasken da ke motsi jikin bango, awa da awa, kamar mai taɓin hankali.

Kada ku ce karen mugu ne. Ku ɗauki ƙosasshen ingarma ku ɗaure shi cikin ɗaki, kuna ba shi dawa safe da yamma, ba hawa ba kilisa, har wata guda. Kun san abin da zai yi wa ƙofar ɗakin.

Ba Boda Koli kaɗai abin ke samu ba. Akwai wani karen kiwo da a ke kira na Ostireliya, ko da ya ke a yammacin Amurka aka fitar da irinsa. Daga 2018, shekaru da dama a jere, shi ne ya fi kowane iri yawa cikin littafin rajistar karnuka na Faransa. Akwai kuma Malinuwa na ƙasar Beljik, wanda soja da ƴan sanda ke aiki da shi. Samari su kan saye shi don a gan su da shi, ƙarfinsa ya fi ƙarfinsu, su rabu da shi. Ma'aikatan gidajen karnuka na Faransa sun daɗe suna kukan yawan Malinuwa da a ke kawo musu.

Waɗannan gidaje sun daɗe. A Faransa babbar ƙungiyar da ke riƙe da su sunanta SPA, watau ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi. An kafa ta a Paris a 1845, tana kuma da gidaje fiye da 60. In an tsinci kare yana yawo, a kan fara kai shi wurin ajiya na hukuma, a jira mai shi kwana 8 na aiki. In bai zo ba, sai a miƙa karen ga ƙungiya ta nema masa wani gida. Yar da dabba laifi ne babba a can. Dokar 2021 ta ce wanda aka kama ana iya ɗaure shi har shekara 3, da tarar Yuro 45,000, kusan sefa miliyan 30. Duk da haka kowace shekara, musamman lokacin da mutane ke tafiya hutu, gidajen su kan cika.

Wanda ya zo ɗaukar ɗan kwikwiyo ba miƙa masa a ke yi haka nan ba. Tambayoyi a ke yi masa kamar mai neman aure. Ina ka ke zaune? Akwai fili? Awa nawa karen zai wuni shi kaɗai? Akwai ƙananan yara? Ka taɓa riƙe kare? In ka yi tafiya wa zai duba shi? In karen na kiwo ne, tambayoyin su kan ƙaru, kuma a kan hana mutum in an ga ba zai iya ba. Tun daga watan Oktoba na 2022 sai mutum ya sa hannu a wata takarda mai bayyana abincin karen da lafiyarsa da kuɗin da zai ci, sa'an nan ya jira kwana 7 kafin a ba shi. Ni a ganina kwanakin nan 7 su ne mafi hikima cikin dokar duka, don son ɗan kwikwiyo kamar zazzaɓi ne, ya kan sauka in an kwana biyu. Doka ta kuma hana a ba da ɗan kwikwiyo kafin ya cika sati 8. A kan sa masa wani ɗan abu mai lamba, kamar ƙwayar shinkafa, ƙarƙashin fatar wuya, don in ya ɓace a san mai shi. A kan yi masa allura. Mai ɗauka ya kan biya wajen Yuro 300, kusan jika 200 na kuɗinmu. Kyautar da wasu suka ji labari ke nan.

Akwai wani abu da ya bambanta ɗan kwikwiyon irin wannan gida da wanda aka saya hannun makiyayi. Makiyayin Ingila ba ya sayen ɗan kwikwiyo sai ya ga uwar tana aiki. A gidan karnuka sau da yawa ba wanda ya san uwa, balle uba. Wani an tsince shi cikin kwali bakin hanya, wani an raba shi da nono tun bai isa ba, wani ya sha duka. Wani kuma masu kiwo don kuɗi ne suka haɗa iyaye biyu masu launin dabbare-dabbare, irin wanda masu saye ke so. In an yi haka, ɗaya cikin ɗiya 4 na iya fitowa kusan fari fat, kurma ko makaho. Don haka mai hankali ya kan tafi sau biyu ko uku kafin ya ɗauka. Ya zauna ƙasa ya ga ko ɗan kwikwiyon zai zo da kansa. Ya tafa hannu a bayansa ya ga ko yana ji. In ya firgita, ya duba ko zai huce da wuri ya komo, ko kuwa zai laɓe ya ƙi fitowa. Ya kuma tambayi ma'aikatan da ke ba shi abinci kullum, don su suka fi kowa saninsa.

RENONSA

Kwanakin farko a sabon gida, a bar shi ya huta. A ba shi wuri ɗaya nasa, da ruwa, kada a tara masa jama'a. Abinci sau 4 a rana har ya kai wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Ɗan kwikwiyo yana bukatar barci kamar jariri, wajen awa 18 cikin 24. Na kiwo kuwa bai san ya kwanta da kansa ba, in an biye masa sai ya yi ta wasa har ya fara cizo don gajiya. Mutane da yawa su kan zaci ƙarfi ne ya yi masa yawa su ƙara masa wasa, alhali barci ya ke bukata.

Daga sati 3 zuwa wajen sati 12 ko 14 akwai wata ƙofa da ke buɗe cikin kan ɗan kwikwiyo. Abin da ya gani ya saba da shi a wannan tsakani, ba zai ji tsoronsa ba in ya girma. In ƙofar ta rufe, saba masa da sabon abu ya kan yi wuya ƙwarai. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ya ɗauko shi yana sati 8, kwana 30 zuwa 40 kaɗai suka rage masa. Cikinsu ne zai nuna masa yara, tsofaffi, mota, keke, kaji, ƙarar injin, kaɗan kaɗan, ba tilas, ba tsoratarwa. Cikinsu ne kuma a ke yi masa alluran rigakafi, ana maimaitawa har ya kai wajen sati 16.

In ya girma yana bukatar motsa jiki wajen awa 2 kowace rana, ko ana ruwa ko ana sanyi, ko mai shi ya gaji, kuma kare ne da ke kai shekara 12 zuwa 15. Ku lissafa da kanku. Amma kafin ya shekara ba a sa shi dogon gudu na tilas, don ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba. Ga kuma inda mutanen birni ke ruɗewa. Su kan yi ta jefa masa ƙwallo yana ɗaukowa, wai don ya gaji. Gudu kaɗai ba ya gajiyar da irin wannan kare, ƙara masa ƙarfi ya ke yi, gobe ya nemi fiye da na yau. Abin da ke kwantar da shi aikin kai ne: a ɓoye abu ya nemo da hanci, a koya masa sunayen kaya, a sa shi ya jira. Darasi na minti 5, sau uku ko huɗu a rana, ya fi na awa guda a haɗe.

Kalmomin farko su ne sunansa, da zo, da bari, da kwanta. Kwanta ta fi duka, ita ce birki. Karen da ke kwantawa nan take in an ce masa, ko yana tsakiyar gudu, shi ne ba ya faɗawa ƙarƙashin mota, shi ne kuma wata rana za a iya kai shi gaban tumaki. In ya yi daidai a ba shi ɗan abinci, a yaba masa. Duka ba ya gyara shi. Kare ne mai saurin jin tsoro, in ka doke shi sai ya daina zuwa in ka kira, ka rasa abu ɗaya da ka ke riƙe shi da shi. In ya fara kama dugadugan yara, a ce wa yaran su tsaya cik, don gudunsu ne ke kunna shi, a kira shi a ba shi tsumma ko igiya ya ja.

Daga wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi lokacin samartakarsa ne. Zai yi kamar ya manta duk abin da aka koya masa. A wannan tsakani ne da yawa ke komawa gidan da aka ɗauko su. Wanda ya jure, ya kan samu kare na kirki in ya kai shekara 2.

Wanda ke da tumaki ba ya kai shi gabansu don aiki sai ya kai wata 8 zuwa shekara guda. A kan fara da tumaki 5 ko 6 waɗanda suka saba da kare, cikin ƙaramin shinge, minti 10 ko 15. Kafin ya ƙware a kan yi shekara ɗaya ko biyu. Karen kiwo marar horo kuwa masifa ne ga garke. Ya kan kori tumaki masu ciki har su yi ɓari, kuma farautar da aka danne tana iya tashi ya kai ga kisa. A Ingila doka ta yarda mai tumaki ya harbe karen da ke bin garkensa in ba wata hanyar tsai da shi.

MAI KORA DABAM, MAI GADI DABAM

Da Hausa duka karen kiwo mu ke cewa, amma iri biyu ne. Wanda muka bayyana mai kora ne. Na biyun mai gadi ne. A duwatsun Faransa akwai wani babban farin kare mai suna Patu. Tun yana wajen wata 2 a ke sa shi cikin tumaki, ya kwana da su ya tashi da su, har ya ɗauke su danginsa. Ba ya kora su ko'ina. Ya kan wuni kwance kamar rago, da dare ya tashi. Da kyarkeci ya komo Faransa daga Italiya a 1992, makiyaya suka koma neman Patu ido rufe.

Karnukanmu na ruga wannan aiki na biyu su ke yi. Su ne ke jin dila da kura da ɓarawo kafin kowa ya ji. Malamai ma sun bayyana cewa riƙe kare don tsaron bisashe, ko gona, ko farauta, ya halatta. Muna kuma da irin da duniya ta sani: dogon karen nan siriri na ƙasar Azawak, arewacin Tawa har cikin Mali, wanda Buzaye ke riƙewa don gadi da farauta. A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Turai, yau da sunan Azawak a ke kiransa can. Turawan da suka saye shi sai sun sa masa riga lokacin ɗari.

To, uban yaro, ga amsarka. Ka sake duba hoton nan da kyau, za ka ga mutum a tsaye. Karen ƙafa ne, mutumin shi ne kai. Aikin da yaronka ke yi a daji ba kora kaɗai ba ne. Shi ya san inda ciyawa ta ke, shi ya san lokacin shayarwa, shi ke ganin akuyar da ta fara ɗingishi, shi ne kuma da damana ke hana bisashe faɗawa gonar mutane. Gonakinmu ba su da shingen waya irin na Turai. Kare bai san iyakar gonar wane da burtali ba, in kuwa aka yi ɓarna, kai za a kira gaban maigari.

Sa'an nan bisashenmu bin makiyayi su ke yi. Bafulatani ya kan shiga gaba ya yi kira, shanu su biyo shi. Garken da bai san wani abu mai kama da kare ba sai dila, in kare ya laɓaɓo masa watsewa zai yi, jar saniyar Bororo mai ɗan maraƙi kuwa da ƙaho za ta tare shi. Ga zafi. Boda Koli gashi biyu gare shi, na sama da na ƙasa, don ƙasar sanyi. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki ya ke huce jikinsa. A bazararmu, da zafi ke kai 45, gudun da ya ke yi a Sikotlan zai iya kashe shi, shi kuwa ba ya tsayawa da kansa. Ƙarangiya za ta cika masa gashi da tafin ƙafa, kaska ta samu wurin ɓuya. Ragowar tuwo kaɗai kuma ba za ta riƙe mai irin wannan gudu ba.

In maganar lakkwal ce, dabarar da garuruwa da yawa suka sani ta fi kusa: a haɗa bisashen gari a ba makiyayi ɗaya babba, kowa ya biya rabonsa da hatsi ko kuɗi, ko kuma a ɗaure ƙananan bisashe a turke da damana a yanko musu ciyawa da yamma.

IN ƊAN KWIKWIYO YA FAƊO HANNUNKA

In gadi ka ke so, ka nemi ɗan kwikwiyo a rugar da ka sani, wanda ka ga uwarsa. Ka bar shi ya cika wata 2 yana shan nono. Ka sa shi kusa da garke tun yana ƙarami, ka hana yara jifarsa, ka ba shi abinci da ruwa kullum a wuri ɗaya don kada ya koyi yawo.

Wanda yara suka tsinto bakin kasuwa ko kan juji, a nan sai an yi hankali ƙwarai. Faransa ta rabu da ciwon haukan kare na cikin ƙasarta tun 2001, mu kuwa yana nan tare da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kuma wajen 4 cikin 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ɗan kwikwiyo ma yana ɗauke da shi, yana iya yin makonni ko watanni bai nuna alama ba, shi kuwa ɗan kwikwiyo da baki ya ke wasa. Ka keɓe shi, ka kai shi ma'aikatar kiwo malamin dabbobi ya duba. Allurar haukan kare daga wata 3 a ke yin ta, a kuma maimaita yadda malamin ya faɗa. Tana aiki: a Njamena ta ƙasar Cadi, a 2012 da 2013, an yi wa karnuka fiye da 7 cikin 10 allura, ciwon ya yi ƙasa ƙwarai cikin birnin.

In kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, minti 15 cur, sa'an nan a tafi likita ran nan, kada a kwana. Karen a ɗaure shi a duba shi kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a tafi asibiti. In alamun ciwon suka bayyana ga mutum, magani ya ƙare.

A riƙa ba shi maganin tsutsar ciki. Kada a jefa masa ɗanyen kan tunkiyar da ta mutu tana juyi, ko huhu da hanta masu ƙullutun ruwa. Daga nan ya ke ɗaukar tsila, ya zubar da ƙwanta cikin kashi a kan ciyawa, tumaki su ci, ciwon ya sake zagayowa. Irin wannan nama a ƙone shi ko a binne da zurfi.

A Yamai da sauran manyan birane a kan ga masu sayar da ƴan kwikwiyo na Turai, wani lokaci kuma mai aikin gida ya kan zo ƙauye da wanda maigidansa ya bar masa. In irin wannan ya zo hannunka, ka kiyayi allurar nan ta tsutsa da kaska da mu ke yi wa shanu da tumaki, Ivomec da ƴan uwanta. A 2001 masana a Amurka suka gano cewa wasu karnukan kiwo na Turai suna da wani gado a jikinsu, wanda ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa. Cikin Koli mai dogon gashi wajen 3 cikin 4 suna da shi, cikin na Ostireliya wajen rabi, Boda Koli kuwa kaɗan ne. Da ido ba a ganewa. Awon tunkiya yana iya sa irin wannan kare rawar jiki, makanta, har mutuwa. Ko karenmu na gida ne, kada ka auna masa da kanka, ka bar malamin dabbobi ya faɗi magani da awonsa.